Sumana Tela da Rigunan Ƴan Kolej

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar motar Gaya ya bi hanyar da ke gangarawa kasuwa, ya wuce ta gaban shagon Sumana tela, ko ya lura ko bai lura ba. Shagon ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin rumfar mai facin taya da teburin wata mai sayar da kopto, wato kwaɗon ganyen zogale, kuma mai shagon ma ɗan ƙarami ne. In ya zauna bayan kekensa, daga titi ba ka hango komai sai hula tana yin sama tana yin ƙasa. Shekarunsa sun haura hamsin, amma har yau in ya juya baya a wurin suna ko ɗaurin aure, ba a rasa baƙon da zai ce masa yaro ya miƙo buta.

A Yelu aka haife shi, a gidan manoman gero. Ubansa ya gwada shi a gona damina biyu, ya lura cewa in yaron ya ɗaga kalme, kalmen ne ke zaɓar inda za su faɗi su biyu. Sai ya haƙura, ya tura shi Kamba, ƙetaren iyaka cikin Nijeriya, wurin wani kawunsa mai ɗinki. Shekarunsa goma sha huɗu a lokacin, kuma a can ne abin da ya zame masa aƙida har girmansa ya same shi.

Wata rana wasu mutane daga wata jami'a suka zo da farar mota, suka tara samarin unguwa a filin makaranta. Sun zo da sikeli, da dogon katako mai lambobi, da wani ƙarfe mai baki biyu kamar hannun ƙaguwa, wanda suke matsa wa yaro a gwiwar hannu da wuyan hannu. In sun gama awo sai su tambayi yaro sana'ar ubansa, da ko rufin gidansu kwano ne ko ciyawa, da sau nawa ake cin nama a mako. Sumana ba ɗan makarantar ba ne, ba ma ɗan ƙasar ba ne, amma ya shiga layi saboda wani ya ce za a raba burodi a ƙarshe. Ba a raba burodin ba. Da aka zo kansa, mai awon ya matsa ƙarfen, ya duba, ya girgiza shi ko ya lalace ne, ya sake matsawa. Sumana ya yi ƙarfin hali ya tambayi mai rubutun me ake nema da wannan aiki. Mutumin ya ce masa suna son su gano ne ko ƴaƴan masu hali sun fi ƴaƴan talakawa kaurin ƙashi.

Sumana ya dubi wuyan hannunsa, ya tuna da rufin ɗakin ubansa da ke yoyo, ya ga ai wannan magana ba ta buƙatar farar mota. Mutanen suka tafi, ba su dawo sun faɗa wa kowa abin da suka gano ba, shi kuma bai jira su ba. Tambayar da suka zo da ita ya ɗauka ya mai da ita amsa, ya sa a aljihu.

Da ya ƙware a ɗinki ya dawo gida Nijar, ya zauna Gaya, inda ake da ƴan kasuwa da masu kamiyo, manyan motocin kaya, da ma'aikatan duwan masu karɓar kuɗin fito a iyaka, kowa da ƴaƴa masu buƙatar kayan sallah da kayan lakkwal, wato makarantar boko. Hannunsa yana da kyau, wannan babu mai musu. In ya ɗinka maka wando, har ya tsufa ya koɗe ba za ka ji ɗinkin ya saki ba. Sai dai duk yaron da aka kawo masa, kafin ya taɓa igiyar awon da ke rataye a wuyansa sai ya tambayi ɗan wa ne. Daga nan sai ya sanar da duk wanda ke kusa cewa samarin duniya kashi uku ne: akwai ƴan babban gida, akwai ƴan tsaka-tsaki, akwai ƴan Allah ya rufa asiri. Ɗan mai kamiyo kafaɗarsa kaza ce, ɗan malamin lakkwal kaza, ɗan manomi kaza. Yakan ce igiyar ma don kwantar da hankalin iyaye kawai yake sa ta.

Abin da ya rufa masa asiri shekara da shekaru shi ne, yaron yana tsaye a gabansa. Bakinsa yana ta bayani, idonsa kuma yana yin awo ba tare da ya sanar da bakin ba, almakashi kuma idon yake bi. In riga ta zauna, sai ya ce kun gani. Mutane kuma su ce lallai Sumana ya yi zaman Nijeriya.

Ya auri Kaltuma, ƴar masunta daga bakin kogi, mace doguwa mai faɗi, wadda ke suyar kifi a ƙofar gida da yamma. Ranar da aka kai ta, ƙawayenta sun daɗe suna gaisawa da ƙanen babansa a zaton shi ne angon. Sun zauna lafiya, don Kaltuma ba ta da yawan magana, Sumana kuma ba ya rasa ta, sai gidan ya daidaita. Suka haifi mata biyu, sannan namiji, aka sa masa Yazidu.

Yazidu ne ya fara kawo wa aƙidar ubansa ciwon kai. Tun yana shekara goma sha biyu ya daina shiga tsofaffin rigunan uban. Da ya kai sha biyar, sai ya karkace kafaɗa yake shiga ƙofar shagon, in kuwa ya shiga, haske ya ƙare sai an dakata da ɗinki. Mai facin taya, wanda ba shi da aikin da ya fi so kamar tsokanar maƙwabcinsa, ya riƙa tambaya wai a wane kashi za a sa yaron, tunda dai kowa ya san gidan da ya fito. Sumana ya yi kwanaki yana tunani, daga baya ya fito da bayani. Ya ce jikin yaro ba arzikin da ake da shi yau kaɗai yake nunawa ba, har da wanda ke tafe, saboda haka duk mai hankali ya fara girmama shi tun yanzu. Mai faci ya cire hula ya rusuna masa, kuma ya yi wata guda yana kiransa Alhaji.

Ana nan, wata shekara a ƙarshen damina, Mushe Alassan, kamar yadda ake kiran malaman boko a can, ya shigo shagon yana share gumi. Shi ne shugaban wata ƴar kolej mai zaman kanta a bayan gari, inda Yazidu yake karatu. Ya ce iyayen yara sun yanke shawara bana a ɗinka wa samari arba'in na manyan azuzuwa kaya iri ɗaya, riga da wando na kaki, kuma ana so ranar da za a buɗe lakkwal kowa ya shigo da nasa. Yadi yana nan an saya. Matsalar ita ce yaran duk sun watse hutu: wasu suna gona a Karakara da Yelu, wasu sun ƙetare Malanbil wurin dangi, wasu suna Kamba. Ba za su dawo ba sai saura kwana ɗaya ko biyu, kuma telan da ya fara tuntuɓa ya ce shi ba ya ɗinka wa iska riga.

Sumana ya ji kamar tun ranar da ya bar Kamba wannan rana yake jira. Ya tambaya ko a littafin lakkwal ana rubuta sana'ar uban kowane yaro. Mushe Alassan ya ce ana rubutawa, gefen suna da shekarar haihuwa.

"To Mushe, shi ke nan," in ji Sumana. "Ka kwafo mini wannan kawai. Yaran su yi nomansu."

Mushe Alassan mutum ne da ya yi karatu, kuma a ransa ya san akwai abin dubawa a maganar. Amma saura mako uku, ga rufin aji ɗaya iska ta yaye, ga malamin lissafi ya gudu Doso. Ya kawo takardar washegari.

Da Kaltuma ta ji labari, sai ta ce masa ita dai a wurin suyar kifinta tana ganin yaran garin nan kullum, kuma ba ta taɓa ganin aljihun uba ya leƙo ta kafaɗar ɗa ba. Ta ce ya yanka su duka da ɗan yalwa, in ya so a rage daga baya. Sumana ya yi mata bayani cikin haƙuri cewa wannan ilimi ne na jami'a, ba maganar kifi ba. Ita dai ta tsaya a kansa har ya auna Yazidu da igiya, ta ce ɗanta dai ba zai fita da cibiya a waje ba.

Ya yi mako uku yana aiki, ya jera kayan tuli uku a kan benci. Don ya ƙara burge Mushe, ya yi abin da ba a ce ya yi ba: ya ɗinka sunan kowane yaro da jan zare a kan aljihun rigarsa, da rubutu mai lanƙwasa, mai kyau ƙwarai.

Ranar buɗe lakkwal da hantsi ya ɗora kayan a kan kabu-kabu, ya sa babbar rigarsa, ya tafi da kansa don ya ga abin da idonsa. Aka tara samarin a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, Mushe Alassan yana kiran suna, kowa ya karɓi nasa ya shiga aji ya canza. Wasu iyaye ma sun zo kallo.

Na farkon da ya fito shi ne Zaharaddini, ɗan Alhaji Issa mai kamiyoyi, wanda motocinsa ke jigila tsakanin Kotonu da Yamai. Sumana ya yanka masa mafi girman duka, har da ƙari don girmamawa. Yaron kuwa siriri ne kamar karan dawa, mai dogon wuya, wanda tun tasowarsa biskit da lemon kwalba ya sani, in aka kawo tuwo ya ce kansa na ciwo. Ya fito riƙe da wandon da hannu biyu, wuyan rigar ya zamo har kafaɗa ɗaya ta fito, hannun rigar da ya kamata ya tsaya a damtse ya sauko ya wuce gwiwar hannu. Da iska ta kaɗa, rigar ta kumbura ta baya har yaron ya yi taku biyu ba da niyya ba.

Bayansa sai ga Habibu, ɗan wani masunci, wanda ya yi hutunsa yana tuƙa jirgin ubansa da jan taru. Shi an sa shi cikin ƴan Allah ya rufa asiri. Maɓalli ɗaya kawai ya samu ya ɓalla, na ƙasa, hannayensa kuma sun ƙi saukowa, ya fito kamar zakaran da ke shirin tashi. Mushe Alassan ya ce masa ya gyara tsayuwa. Habibu yaro ne mai biyayya, ya gyara, sai aka ji rigar ta yage daga wuya har ƙugu.

Daga nan kowa ya fito da irin nasa. Ɗan wani ma'aikacin duwan ya naɗe ƙafar wando sau huɗu. Ƴan Karakara biyu da suka sha noma suka ƙi fitowa daga aji sam, suka aiko a ce wandon ya tsaya a cinya kuma ya ƙi komawa. Akwai kuma ɗan wani attajiri da ya cika rigarsa dam, da ɗan manomi da tasa ta yi masa daidai, Sumana ya riƙa nuna su da yatsa yana cewa a dubi waɗannan. Da aka ƙirga, goma sha ɗaya ne kayansu suka zauna, har da Yazidu. Sumana ya matsa kusa da Mushe ya ce masa a hankali, sha ɗaya ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da bai ga yara ba. Mushe Alassan ya riƙa murza goshinsa.

Yaran da kansu suka fara musanye, mai babba ya nemi mai ƙarama, kafin a ankara kusan kowa ya samu wadda ta shige shi. Sai dai ga jan zare. Zaharaddini ya tsaya tsaf cikin riga mai sunan wani ɗan Yelu, shi kuma Habibu ya samu sararin numfashi a cikin rigar Zaharaddini, sunan ɗan Alhaji yana walƙiya a ƙirjinsa.

A daidai lokacin Alhaji Issa ya iso. Mutum ne ƙato mai kaurin murya, wanda in ya yi sallama a ƙofar gida ake amsa masa daga gida na uku. Ya hango suna a aljihu tun daga nesa, ya nufi Habibu da fara'a, har ya ɗaga hannu zai dafa shi, sannan ya ga fuskar ba ta gidansa ba ce. Aka yi masa bayani. Sumana ya ɓuya a bayan ɗansa, wanda wuri ne mai yalwa, yana jiran abin da zai biyo baya.

Alhaji bai yi faɗa ba. Ya sa aka dawo wa ɗansa da babbar rigar ya sake sawa, ya tsaya yana kallonsa, ya daɗe. Sannan ya ce shi tela bai yi laifi ba, rigar da ta kamaci ɗansa ke nan, yaron ne ya ƙi cika ta. Ya ce shi da ake gani, ubansa ɗan dako ne a bakin gada, gari da ƙuli ya ci ya tashi, yana shekara sha biyar yana ɗaukar buhun shinkafa a ka. Yau ga nama ga madara a gida, ga abin da aka samu. Yana cikin magana idonsa ya faɗa kan Yazidu, ya tambayi ɗan wa ne wannan. Aka ce ɗan tela ne. Ya leƙa bayan yaron ya ga telan, ya sake duban yaron, ya sake leƙawa.

"Malam Sumana," ya ce, "wa ke dafa abinci a gidanka?"

Maganar riguna dai Kaltuma ce ta warware ta da yamma, a taƙaice. Ta ce a ɓalle aljihunan a sauya musu riguna, ai suna a aljihu yake ba a riga ba. Sumana ya ce dama abin da yake shirin yi ke nan. Amma aikin ya ci mako guda, kuma a cikin makon wani sabon malami da bai san yara ba ya riƙa karanta suna a ƙirji, har ya aika wa wani bawan Allah a Karakara takardar ƙorafi kan laifin ɗan wani.

Maganar Alhaji kuwa ba ta tsaya nan ba. Bayan kwana biyu ya zo har gida, ya zauna a tabarma, ya roƙi Kaltuma alfarma: Zaharaddini ya riƙa biyo Yazidu daga lakkwal yana cin abincin rana da na yamma a nan, duk abin da ta ba ɗanta ta ba shi, kada ta saurari ciwon kai. Ya hana a rage rigar ko da yatsa ɗaya, ya ce nan da ƙarshen shekara yana so ya ga ta zauna. Kaltuma ta ce ita ba lokotoro ba ce mai ba da magani, amma yaro in ya zo gidanta zai ci.

Ranar farko Zaharaddini ya zauna gaban tuwon dawa da miyar kuka da kan kifi yana kallonsu kamar an kira shi gaban alƙali. Ya fara dafe kai, Kaltuma ta ce masa a gidan nan maganin ciwon kai shi ne loma goma, ta zauna ta ƙirga masa. Ba a yi wata ba ya fara suɗe kwano, ya koyi zare ƙayar kifi da harshe, har suna rigima da Yazidu a kan ƙanzo. Alhaji kuma, don kada ya ɗora wa mutane nauyi, ya riƙa aiko da shinkafa da doya da mai, wani lokaci har da cinyar rago. Kaltuma ta ce ai an ce abin da take ba ɗanta za ta ba yaron, saboda haka yaran suka ci gaba da tuwo da kifinsu. Shinkafar da naman suka koma kwanon maigida.

Da shekarar karatu ta ƙare, Alhaji ya zo ganin sakamako. Zaharaddini ya yi ƙarfi, fuskarsa ta yi haske, yana iya yini a filin ƙwallo bai zauna ba. Amma duk abin da ya ci a tsawo ya tafi. Ya ƙara kusan taƙi guda, wandon da yake naɗewa yanzu ya ɗage ya bar idon sawu a fili, rigar kuwa tana nan tana lilo yadda take. Alhaji ya zagaya shi sau biyu, ya tuna cewa dangin uwar yaron Fulani ne dogaye. Da ya juyo zai yi sallama ne ya lura da Sumana, wanda ya fito daga ɗaki yana gyara zariya, kumatu sun ciko, ga wani ɗan tumbi zagaye ya turo riga kamar ya ɓoye ƙwarya. Alhaji ya yi dariya har sai da ya dafa bango, ya ce to alhamdu lillahi, abincinsa dai bai tafi a banza ba.

Tun daga lokacin zumunci ya ƙullu tsakanin gidajen biyu. Yazidu bai yi nisa a karatu ba, ya ce shi injin mota ne ke burge shi, Alhaji ya sa shi a garejinsa, yanzu shi ke kwance tayar kamiyo shi kaɗai mutane suna tsayawa kallo. Mushe Alassan bai daina ba Sumana ɗinkin lakkwal ba, sai dai ya kafa sharaɗi: kowane yaro a gaban idonsa za a auna shi, shi kuma yana zaune da biro yana rubutawa. Labarin tuwon Kaltuma ya bazu a gari, har wasu mata biyu suka zo da nasu siraran ƴaƴan, ta ce musu ita ba ta buɗe asibiti ba, su je su rage sayen biskit.

Zaharaddini ya ci jarrabawa ya wuce lise, babbar sakandare, a Doso. Duk hutu, kafin ya kwana biyu a gari sai ya zo gaida Kaltuma, yana sunkuyawa a ƙofar zaure saboda tsawo, yana kiranta Inna. Takan kama damtsensa ta matsa, ta tambaye shi wai a Doson nan ruwa kawai ake dafa musu ne. Zuwansa na ƙarshe ta hana shi tafiya sai da ya cinye kwano biyu, sannan ta ɗaure masa busasshen kifi da yaji a leda, ta ce in ya isa kada ya raba wa abokai, ya ɓoye a ƙasan akwati ya ci shi kaɗai.